Malam Isyaku, Mutumin da Ya Auna Filinmu da Makara

Shekara talatin da biyar Malam Isyaku ya yi yana fita daga gidansa na unguwar Kabara da ƙarfe bakwai saura kwata, da tef ɗin awo da ɗan littafinsa ɗaure a bayan keke. Daga gidansa zuwa ofishin awon filaye inda yake aiki tafiyar minti ashirin ce ga mai keke. Shi awa guda yake yi, wata rana har da ɗori. Ba ya bin titi. Lungu yake shiga ya ɓulla wani lungun, turin keken ya fi hawansa yawa, don kawai ya biya ta filayen unguwanni ya duba lafiyarsu. Idan ya ga an jibge bulo a gefen fili sai ya jingine keke ya tambayi na wane ne. Idan ya ga wani ya fito da katangarsa taku biyu cikin filin jama'a, sai ya yi sallama da mai gidan, su gaisa har da tambayar iyali, sannan ya ce, "Alhaji, katangar nan taka ta fara yawo, a dawo da ita gida."

A ofis sun daɗe da laƙaba masa Malam Latti, kuma bai taɓa musu ba. Watan jiya ya yi ritaya. Ba a tara kowa ba, ba a yi jawabi ba, ko ɗan agogon bangon nan da ake ba mai barin aiki ba a ba shi ba. Ya miƙa mukulli, ya ɗauki butarsa, ya turo kekensa waje. Da labarin ya zo mini na yi kwana biyu raina yana ƙuna. Ni malamin firamare ne, ba ni da lambar yabon da zan rataya wa kowa. Biro nake da shi, kuma na yi alkawari sai mutanen birnin nan sun san wanda aka sallama haka kamar ɗan haya.

Da jan sarƙar awo ya fara, yana saurayi, yana bin bayan safiyo a cikin rana. A hankali ya koyi zane, har ya zama shi ne mai zuwa fili ya auna, ya zana taswira, ya sa hannu a ƙasan takarda. Muƙamin ba wani babba ba ne. Amma a ƙa'idar ofishinsu babu taswirar da take wucewa gaba sai da hannun wanda ya taka filin da ƙafarsa. Wannan ɗan sa hannun shi ne iyakar ikon da Malam Isyaku ya taɓa riƙewa.

Abokan aikinsa awa biyu ta ishe su auna fili. Shi sai ya shafe kwana biyar ko shida. Yakan ce tef tsawo da faɗi kaɗai yake faɗa maka, ba ya faɗa maka masu wurin. Sai ya sami gefe ya zauna, yana rubuta wanda ya zo da abin da ya kawo shi. Matan aure da suke cikin gida ba za su fito su yi magana da baƙon namiji ba, to su ma bai tsallake su ba. Yakan nemi tsohuwar da ta fi kowa shiga gidaje a unguwar, ya faɗa mata tambayoyinsa, ta zaga ta dawo masa da amsa. Ba wata makaranta ce ta koya masa wannan ba, a firamare karatunsa na boko ya tsaya.

Na san duk wannan ne saboda a unguwarmu ya yi aikin da ya ci masa gaba. Filin Kanya ake kiran filinmu, saboda tsohuwar kanyar da take gefensa. Wanda bai tashi a cikin birni ba zai yi wuya ya gane matsayin fili a wurinmu. Gidajen kakanninmu an raba su gado, an sake rabawa, har tsakar gidan da a da ake turke shanu yanzu tabarma biyu ta cika ta. Lungunanmu kuwa, idan mai kura ya shigo sai ka manne da bango. Lungu bakwai ne suke buɗewa a Filin Kanya, kuma duk abin da ya fi ƙarfin gida nan ake fito da shi. Nan ake ɗora tukwanen biki da na suna. Nan mai tufka yake kafa turkensa da sanyin safiya ya ja da baya taku hamsin. Da la'asar na 'yan ƙwallo ne, dattawa suna gindin kanya suna yi musu faɗa. Idan an yi ruwa, abin da ya gangaro daga lungunan a kusurwar yamma yake kwanciya ya tsotse, maimakon ya shiga ɗakunan mutane. Sama da duk wannan, a nan muke sallar gawa. Masallacinmu ƙarami ne, ba shi da haraba, kuma duk mamacin da aka fito da shi daga lungunan nan bakwai sai ya ratsa filin kafin ya kai bakin titi.

Sai shekarar 1999 ta zo, soja suka koma bariki. Mun yi murna, kada in yi ƙarya. Muka ce yanzu namu ne za su hau, waɗanda suka san ƙofar gidan kowa. Kansilanmu Haruna ajinmu ɗaya da shi a firamare, kuma ni da kaina na yi masa yawon neman ƙuri'a gida-gida har takalmina ya tsinke. Ba a yi wata biyu da rantsar da su ba sai ga shi da wata faffaɗar takarda mai launi-launi. Shaguna ashirin da huɗu za a zagaye Filin Kanya da su. A tsakiya kuma lambun shaƙatawa, da furanni da kujerun siminti, a kewaye shi da shingen ƙarfe, a sa ƙofa da kwaɗo. Ya ce wannan shi ne romon dimokuraɗiyya.

Kwaɗo, a filin da kakanninmu ba su taɓa kafa wa ko karan dawa ba! Furanni, a unguwar da famfo yake yin mako bai ɗiga ba! Yanzu nake wannan ihun, amma a lokacin bakina gum, kuma zan faɗi dalili ko da za a yi mini dariya. Shago mai lamba tara nawa ne. Haruna ya ja ni gefe ya ɗora yatsa a kansa ya ce, "Malam, alli ba zai riƙe ka ba. Ga inda za ka zuba littattafai da biro ka huta." Tun daga ranar, ko a aji nake, kantocin shagon nake gani a idona.

A kan tebur aka yi zanen, wanda ya zana shi bai taɓa ganin kanyar ba. Abin da ya rage shi ne hannun mai awo, sai fayil ɗin ya faɗo wa Malam Isyaku. Ya zo da kekensa ya tare a filinmu kwana shida. Tsohuwar da ya samu ita ce Uwa, wadda ta yi wa rabin matan unguwar wankan jego, kuma ba a ɗora tukunyar biki ba ta wurin. Ina gindin kanya ranar da ta kawo masa amsar mata.

"Malam, gida talatin da ɗaya na shiga," in ji ta. "Kowacce tambaya ɗaya take yi. Idan an yi shagunan, a ina za mu ɗora tukunya? Wai an ce za a bar mana tsakiya."

"Tsakiyar fure za a shuka, Iya. Kuma za a sa ƙofa."

"Ƙofa? Mukullin a hannun wa?"

"Takardar ba ta faɗa ba."

"A hannun wanda ba ya gari ranar da ake nemansa ke nan," in ji Uwa. "Ni dai ka rubuta a littafin nan naka, shinkafar mutum ɗari uku ba ta dahuwa a tsakar gidan kowa a unguwar nan."

Ya rubuta. Ranar Litinin ya mayar da fayil ofis babu sa hannu. Waɗanda suke wurin sun ba ni labarin yadda suka yi da ogansa.

"Isyaku, daga sama aka turo wannan. Ka sa hannu mu rabu lafiya."

"Ranka ya daɗe, hannuna shaida ne cewa na je na gani kuma zanen ya dace da wurin. Na je, na gani, bai dace ba."

"Saura maka shekara uku fa. Kuma sunanka yana cikin waɗanda za a ƙara wa girma bana."

"Na sani, ranka ya daɗe."

Abin da ya fi ci mini rai yanzu idan na tuna shi ne, mu da yake karewa ba ma bayansa. Da Haruna ya ji an ƙi sa hannu sai ya tara unguwa, ya baje takardarsa, kowa yana leƙe. Kore shar a tsakiya, shaguna jere kamar haƙoran matsefi, har da hoton mutane suna yawo da lema. Wa zai ƙi? Tsakanin shagunan da shingen lambu akwai wani siririn farin layi, an rubuta masa wani abu da Turanci ƙanana-ƙanana. Babu wanda ya kula da shi, har ni mai karatun. Aka fara gunaguni cewa wani tsoho daga Kabara ya zo zai hana mu ci gaba. Wani ma ya ce ƙila nasa kason ne ba a ba shi ba.

Malam Isyaku ya bari hayaniya ta lafa, sannan ya miƙe. "Kansila, ni ba ni da bakin gardama. Alfarma ɗaya nake nema. A bar ni in sauko da zanen nan daga takarda in shimfiɗa shi a ƙasa da girmansa na gaskiya, kowa ya taka ya gani. Idan jama'a suka ce ya yi, wallahi ranar Litinin zan sa hannu."

Haruna ya yi dariya ya ce an ba shi Asabar.

Farar ƙasa ake yin irin wannan shatar da ita, amma ofis ba za su ba shi ba. Uwa ce ta sake bin gidaje ta ce kada wadda ta zubar da tokar murhunta har kwana uku. Ranar Asabar da safe aka yi ta fito da toka a tsofaffin kwanuka da fantekoki. Damina ce, muna ta ɗaga kai muna duban gabas, amma Allah ya riƙe ruwan. Tun hantsi Malam Isyaku yake duƙe da tef da igiya da turaku, yana barbaɗa toka a kan layi, yana rubuta lambar kowane shago a cikinsa. Kafin la'asar zanen Haruna ya kwanta a Filin Kanya kaf, bai rage ko taku ɗaya ba bai ƙara ba.

Bayan salla unguwa ta fito. Da fari abin kamar wasa. Masu shago kowa ya nemi lambarsa ya shiga ya tsaya yana murmushi. Ni ma ina cikin lamba tara, ina auna inda zan kafa kanta da ƙafata. Ban lura da lokacin da Malam Isyaku ya yi wa Mamman Ladan raɗa ba. Mamman shi ne ladaninmu shekara ashirin, kuma shi yake ajiye makarar unguwa a zauren masallaci. Sai kawai muka gan shi ya fito yana janye da ita.

Matan da suke leƙe daga ƙofofin zaure suka ɗauki salati, ana tambayar wa ya rasu. Mamman ya ɗaga murya ya ce, "Babu wanda ya rasu, ku kwantar da hankalinku. Awo za a yi."

"Mutum huɗu nake so," in ji Malam Isyaku.

Babu wanda ya motsa. Mu nan ba a fito da makara haka kawai, kuma ba wanda yake son a ce shi ya fara kama ta babu gawa. Mamman ya kama gefe ɗaya, dattawa biyu suka daure suka zo. Sai Malam Isyaku ya juyo ya dube ni. "Malam, kai da kake tsaye a lamba tara, zo ka kama nan gaba."

Muka saɓa ta a kafaɗa daga bakin lungun arewa. Ya ce, "Ku kai ta bakin titi. Sharaɗi ɗaya ne, kada wanda ya taka toka. Tokar nan bango ce, bulo da siminti. Ba ta matsawa don an yi rasuwa."

Wannan siririn farin layin da muka raina a takarda shi ne hanyar, kuma abin da aka rubuta masa ƙanana-ƙanana ƙafa huɗu ne. Muka shiga muna takure kafaɗu, muna tafiya a ɗosane. Da ƙyar muka kai kusurwa, inda hanyar ta karya kwana daidai jikin shagona. A nan makara ta tsaya. Muka ja baya muka sake gwadawa. Muka matsa hagu, bayanta ya shiga shingen lambu. Muka matsa dama, ƙafata ta sauka a kan toka.

"Malam, ka shiga bango," in ji Malam Isyaku.

Wasu suka yi dariya, amma ba ta yi nisa ba. Sau huɗu muna gwadawa, gumi yana keto mini, ga ta babu kowa a kai. Haruna ya ga fuskokin mutane sun fara canjawa, sai ya matso da sauri ya ce, "Haba, ai wannan ba matsala ba ce. Sai a ɗan karkata ta, ko a ɗaga kan sama, ta wuce."

Mamman Ladan, da makara a kafaɗarsa, ya juyo da kansa a hankali. "Haruna, a tsaye za mu riƙa fitar da iyayenmu? Hajiyarka tana cikin lungun nan, Allah ya ƙara mata lafiya da nisan kwana. Faɗa mana tun yanzu yadda kake so mu riƙe ta."

Malam Isyaku ya buɗe littafinsa ya ce a cikin kwana shidan da ya yi an yi jana'iza ɗaya, ya ƙirga sahu goma sha ɗaya. Ya roƙi duk wanda ya ga inda sahu biyu za su tsaya a cikin wannan zanen ya nuna masa.

Ni kuwa a lokacin ba na jin abin da ake faɗa sosai. Shekara huɗu kafin ranar, a kan wannan makarar aka fito da mahaifina daga wannan lungun, kuma wannan gefen na gaban ni na kama. Ga ni yau tsaye da ƙafa a cikin bangon da na yi wata guda ina mafarkinsa, bangon da zai tare shi da a ce ya ƙara shekara biyar a duniya. Kunya ta rufe ni har na rasa inda zan sa idona. Da muka sauke na je na ce wa Haruna ya ba wani lamba tara. Kada wanda ya yaba mini, ba jarumta ba ce. Kafin magariba Uwa ta fito da tsintsiya ta fara share shingen lambun, sauran tsofaffin mata suka bi bayanta.

Kada a ɗauka Malam Isyaku maƙiyin shago ne, kamar yadda aka yi ta yaɗawa daga baya. A makon da ya biyo ya kawo nasa zanen. Shaguna shida a bakin titi, inda ba su tare lungun kowa ba. Mashiga mai faɗin ƙafa goma sha biyu, miƙaƙƙiya, babu kwana. Kwata daga kowane lungu zuwa kusurwar yamma. Gefen da mata suka ce iska ba ta kai hayaƙi gidaje, nan ya ware wa tukwane. Tsakiyar kuwa ya bar ta fayau. Da aka tambaye shi me za a sa a wurin sai ya ce, "Ku za a sa."

Unguwa ta yi gayya ta tafi sakatariya, dattawa a gaba, aka ce wannan zanen ake so ko a bar filin yadda yake. Da aka ga ƙuri'un lungu bakwai suna shirin tashi sai aka yarda. Yau shekara uku ke nan muna amfana. Damina biyu ruwa bai shiga ɗakin kowa ba.

To ku ji sakayyar. Zanen nasa aka yi aiki da shi, amma da aka buga shi a allo sunan wani ne a ƙasa. Ranar buɗe shaguna Haruna ya riƙe lasifika ya ce tun farko shi ya ga dacewar a bar wa talakawa filinsu, kuma muna tsaye aka tafa. Malam Isyaku kuwa aka cire sunansa daga ƙarin girma. Aka karɓe tef ɗin ofis daga hannunsa, aka mayar da shi sito, ɗakin tsofaffin fayil da ko taga babu. Mutumin da ya san kowane fili a cikin ganuwa da takunsa, aka zaunar da shi yana kaɗe wa takardu ƙura har ranar da ya miƙa mukulli. Soja sun yi shekaru suna ba da umarni, bai taɓa samun wannan horon ba, sai a hannun waɗanda muka zaɓa da yatsunmu. Wannan ne yake ci mini rai, kuma ba zan daina faɗa ba. Mu da muka amfana, mutum nawa ne a cikinmu suka taka suka je suka gaishe shi a ɗakin nan? Ni sau biyu na je a shekara uku, kuma ina jin na fi kowa.

Malam Isyaku, kai ne mai awon da ya san tef ba ya ganin mutane. Kai ne ka tambayi matan da ba a taɓa tambaya ba, ka rubuta amsarsu da biron da ake rubuta ta manya. Kai ne aka ce maka ka sa hannu ka hau, ka zaɓi ka riƙe hannunka ka sauka. Ka kunyata ni a gaban unguwa, kuma ban taɓa samun wanda ya yi mini alheri irin wannan ba. Na gode. Uwa ta ce in gaya maka ta gode, Mamman ma haka. Allah ya saka maka da alheri, ya yalwata maka makwanci ranar da ka koma gare shi kamar yadda ka yalwata wa mamatanmu hanya.

Da na so in tsaya a nan, amma ba a bar ni ba. Makon jiya muka wayi gari da turakun ƙarfe masu jan fenti a kusurwoyin Filin Kanya. Zaɓe ya sake matsowa, akwai sababbin bakunan da za a toshe. Wannan karon rukunin shaguna mai hawa biyu ake magana, kuma an ce wani kwamiti zai zo ranar Laraba ya duba ko ana amfani da filin. Na hau mota na tafi Kabara. Na tarar da Malam Isyaku a zaure ya miƙe ƙafafu, gwiwoyinsa sun kumbura, yana shafa musu man zafi.

"Ƙarfe nawa suka ce za su zo?" ya tambaye ni.

"Sha biyun rana."

Ya yi murmushi ya girgiza kai. "Kullum sha biyu suke zuwa, Malam. Yara suna makaranta, maza suna kasuwa, an sauke tukwane, kowa ya gudu inuwa. Su tsaya minti biyar, ko motar ba sa kashewa, su rubuta fili ne wofi, babu mai amfani da shi. Da wannan layi ɗayan aka cinye filaye goma sha huɗu a kan idona."

"To yanzu yaya za mu yi, Baba?"

"Ni dai yanzu ba ni da hannun da zan hana su. Amma ina da jiki. Zan zo in zauna."

"A wannan bazarar? Sai dai a gindin kanya."

"A'a, kanya tana gefe, za su ce mai hutawa ne. A tsakiya zan zauna. Ko ba komai dole su rubuta sun tarar da mutum ɗaya."

Na fito daga zauren nan na kamo hanyar gida. Mutumin nan ya haura sittin. Ba shi da gida a unguwarmu, ba shi da ɗa ba shi da jika a cikinta. Ranar da ta Allah ta kasance a kansa ba a Filin Kanya za a sallace shi ba.

Saboda haka ina kira ga duk mai aikin ofis da yake karanta wannan, wanda fayil yake biyowa ta teburinsa. Kafin ka sa hannu, tashi ka je ka taka wurin, ka tambayi masu shi, har da waɗanda suke bayan ƙofa. Ku kuma mutanen sauran unguwanni da har yanzu kuke da ɗan filin da ya rage, ku binciki ranar da za a zo duba naku.

Mu 'yan lungu bakwai kuwa, maganarmu gajera ce. Laraba, ƙarfe sha biyu. Mai shago ya rufe na awa ɗaya, mai aiki ya nemi izini, ni na riga na nemi nawa wurin hedimasta. Uwa ta ce za ta ɗora tukunya ko babu biki. Idan motarsu ta tsaya suka ƙirga mutum ɗaya, kuma mutumin nan tsoho ne mai ciwon gwiwa da ya taso tun daga Kabara, to kada wani a cikinmu ya ƙara buɗe baki ya ce an ƙwace mana fili. Mu muka bayar.